Ga ambaliya da damina, ga rijiya a ƙafe da rani: ina ruwan yake tafiya?

Wani malamin firamare daga jihar Katsina ne ya aiko da tambayar, ga ta a taƙaice: "Kullum muna jin cewa sauyin yanayi ya jawo fari da ƙarancin ruwa a duniya. Mu kuwa ambaliya muke gani kusan kowace damina, amma kafin watan Maris rijiyar unguwarmu ta ƙafe. Kakannina sun ga fari tun ba a san wannan magana ba. Da gaske sauyin yanayi ne, ko dai ana jingina masa komai ne kawai?"

Malam, Allah Ya saka da alheri. Aikina auna ruwa ne, wanda ke gudu a sarari da wanda ke kwance a ƙarƙashin ƙasa, kuma irin wannan tambayar ce na fi so, domin mai ita ya duba abin da ke gabansa kafin ya yarda da abin da ya ji a rediyo. Amsar a dunƙule ita ce sauyin yanayi gaskiya ne, yana ƙara wa fari nauyi a wurare da yawa, amma kana da gaskiya cewa ana ɗora masa laifin da ba duka nasa ba ne. Bari in warware maka.

Mu a wajen aiki muna kallon ruwa kamar yadda ɗan kasuwa ke kallon jarinsa, wato abin da ya shigo da abin da ya fita. Yawancin mutane shigowar kaɗai suke ƙirgawa: an yi ruwa sau nawa, ya kai kamu nawa a ƙasa. Fitar kuwa ba a ganinta. Rana da iska suna zuƙe danshi daga ƙasa, daga ganye, daga fuskar tafki, dare da rana. A arewa mai nisa, buɗaɗɗen tafki yakan yi asarar zurfin da ya kai mita 2 a shekara ta wannan hanya kaɗai, ba tare da kowa ya ɗebi ko guga ɗaya ba. Saboda haka ana iya samun shekarar da ma'aunin ruwan sama ya nuna an yi ruwa daidai da na bara, amma gero ya yi yaushi lokacin da yake fitar da kai, domin zafi ya kwashe abin da ya kamata saiwa ta sha.

A nan ne ɗumamar duniya ke shigowa. Iskar kabon da ke sararin sama ta tashi daga kusan kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa fiye da 420 a yau, saboda ƙona gawayin ƙasa da man fetur da gas, da kuma sare dazuzzuka. Hukumar yanayi ta duniya ta ce 2024 ta zarce matsakaicin zafin wancan zamani da kusan digiri 1.5 a ma'aunin Salshiyas. Akwai wata ƙa'ida da aka sani tun ƙarni na 19: duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, tana iya riƙe ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin 100. Duk macen da ta taɓa shanya wanki ta san wannan ko ba ta san lissafinsa ba. Zanin da ke wuni a igiya a watan Agusta, a watan Afrilu kafin ta gama shara ya bushe. Iska mai zafi mai ƙishirwa ce. Idan babu hadari, tana tsotse gona da kududdufi fiye da da. Idan hadari ya haɗu, abin da ta tara sai ta juye shi lokaci guda kamar da bakin ƙwarya. Wani bincike da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam, aka wallafa a 2017, ya nuna cewa manyan hadura mafiya ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun farkon shekarun 1980. Ka ga ke nan ambaliyar da kake gani a watan Agusta da ƙafewar da kake gani a watan Maris uwarsu ɗaya.

Misalin da ya fi bayyana wannan shi ne na gabashin Afirka. Daga ƙarshen 2020 zuwa ƙarshen 2022, damina biyar a jere ta gaza a Somaliya da kudancin Habasha da arewacin Kenya (su suna da damina biyu a shekara). Miliyoyin dabbobi suka mutu. Wani ƙiyasi da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin Somaliya suka fitar ya ce mutum kusan 43,000 ne suka rasu a Somaliya a 2022 sanadin farin, kusan rabinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Da masana suka zauna suka tantance, sai suka ga cewa ƙarancin ruwan saman yana da alaƙa da La Nina, wani juyi na sanyin tekun Fasifik da ke zuwa yana komawa tun fil azal. Abin da ya mayar da shi bala'i irin wannan shi ne ƙarin zafin da ya busar da ƙasa da makiyaya. Suka ce ɗumamar duniya ta sa irin wannan fari ya fi saurin aukuwa aƙalla sau 100. Kuma kafin 2023 ta ƙare, wuraren nan da suka bushe ambaliya ta mamaye su.

Abin bai tsaya kan matalauta ba. A farkon 2018 birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, mai mutum kusan miliyan 4, ya sanya ranar da zai rufe famfunan gidaje bayan shekara uku ana ƙarancin ruwa. Aka ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana, wato jarka biyu irin ta 'yan garuwa, a ciki zai sha, ya yi girki, ya yi wanka da wanki, ya kora bayan gida. Ranar ba ta zo ba, saboda mutane sun rage amfani da ruwa da kusan rabi, an yanke kason manoma, sannan ruwa ya sauka. A 2022 kogin Rhine ya janye har jiragen dakon kaya a Jamus suka koma ɗaukar ƙasa da rabin lodinsu. A shekarar ce kuma masana'antu suka tsaya a lardin Sichuan na Sin saboda madatsun da ke ba da lantarki sun yi ƙasa. A 2023 mashigin Panama ya rage jiragen da ke ratsa shi daga wajen 36 a rana zuwa ashirin da 'yan kai, domin kowane jirgi ɗaya da ya wuce sai an zubar da lita kusan miliyan 200 na ruwan daɗi daga tafkin Gatun zuwa teku, tafkin kuwa ya ja baya. Har Amazon, dajin da ya fi kowanne ruwa, a Oktoban 2023 kogin Negro a birnin Manaus ya sauka ƙasa da duk abin da aka taɓa aunawa tun 1902, shekarar da ta biyo baya kuma ya sake sauka ƙasa da haka.

To amma, Malam, ga inda nake tare da kai. A 2021 an yi ta yayata cewa yunwar kudancin Madagaska ita ce yunwa ta farko da sauyin yanayi ya haddasa. Da masanan da ke irin wannan tantancewa suka duba, sai suka tarar cewa ƙarancin ruwa irin wannan yana cikin abin da yankin ya saba gani jefi-jefi, talauci da rashin hanyoyi da annobar korona ne suka mayar da shi yunwa. Haka farin da ya sa Zambiya ta ayyana dokar ta-ɓaci a Fabrairun 2024, ya kuma durƙusar da lantarkin madatsar Kariba: El Nino, kishiyar La Nina, wato juyin ɗumin tekun Fasifik, shi ne babban dalilinsa. Tafkin Aral na tsakiyar Asiya, wanda yake cikin mafiya girma a duniya a 1960, ya ƙafe ne saboda Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya zuwa gonakin auduga. Saudiyya ta yi shekaru tana noman alkama a hamada da ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda ya taru tun dubban shekaru kuma ba ya sabuntuwa, har ta ga ana cinye shi, ta dakatar da shirin a 2016. Babu ɗaya cikin waɗannan biyun, na Aral da na Saudiyya, da za a ce hadari ne ya ƙi zuwa. Kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ɗan'adam ke ɗiba daga koguna da rijiyoyi a duniya noma yake tafiya, don haka duk inda ka ji ana kukan ruwa, fara tambayar me ake nomawa da kuma yadda ake ban ruwan.

Ina jin ciwon yadda wasu masu mulki suka mayar da kalmar sauyin yanayi mafaka. Famfo ya shekara bai kawo ruwa ba saboda injin ya lalace ko bututu ya fashe, sai a ce sauyin yanayi. Wannan yana cutar da mu sau biyu: ba a gyara abin da za a iya gyarawa ba, sannan mutane irinka masu lura sai su fara shakkar maganar gaba ɗayanta.

Batun kakanninka gaskiya ne. Tsofaffi a ƙasar Hausa sun riƙe sunan Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, tun motoci ba su cika duniya ba. Sahel wuri ne da daminarsa ke hawa da sauka tun asali. Shekarun 1950 sun kasance masu yalwar ruwa, manoma suka yi ta matsawa arewa cikin makiyaya. Sai farin farkon shekarun 1970 ya zo, na 1983 zuwa 1984 ya biyo ya fi shi tsanani, har a watan Yunin 1985 kogin Kwara ya daina gudu a Yamai. A lokacin an ɗora wa manomi da makiyayi laifi, wai su suka cinye daji suka kori ruwa. Binciken da ya biyo baya ya nuna babban dalilin yana teku: arewacin tekun Atlantika ya yi sanyi idan aka kwatanta da kudancinsa, sai layin hadarin da ke kawo mana damina ya kasa hawowa arewa yadda ya saba. Hayaƙin sulfa na masana'antun Turai da Amurka, wanda ke tare hasken rana, yana cikin abubuwan da suka sanyaya shi. Wato tun a wancan karon akwai hannun ɗan'adam, sai dai hannun yana nesa da wanda ya rasa shanunsa.

Daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo, amma da wata irin ɗabi'a. Jimillar shekara ta ƙaru, sai dai yana zuwa ne a dunƙule, a tafka na kwana biyu, a ɗauke na mako biyu ko uku bayan an yi shuka. Manomi ya sake shuka sau biyu, wani lokaci uku, iri ya ƙare. A watan Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta shanye babban ɓangaren Maiduguri, alhali a Afrilun shekarar garin Kayes na Mali ya ga zafin digiri 48.5. Tafkin Chadi ma labarinsa ya fi yadda ake ba da shi sarƙaƙiya. Gaskiya ne ya ragu daga murabba'in kilomita kusan 25,000 a shekarun 1960 zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka a shekarun 1980, amma bai ci gaba da ƙanƙancewa ba. Yana cika yana janyewa gwargwadon abin da kogunan Chari da Logone suka kawo, su ne ke ba shi kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke shigarsa. Wahalar masunci da manomin bakin tafkin a yau ita ce ba ya iya sanin inda gaɓa za ta tsaya a bana, ga kuma rashin tsaro. Dausayin Hadeja da Nguru kuwa ya canza ne tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992: ambaliyar damina da ke shayar da fadamu ta ragu, ruwan da ake saki duk shekara kuma ya ba kacalla damar toshe hanyoyin ruwa.

Yanzu mu dawo kan rijiyarku, don ita ce ta fi damunka. Yawancin ƙasar Katsina da Kano da Zariya a kan tsohon dutse take zaune. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a irin wannan wuri ba kogi ba ne mai gudu kamar yadda mutane ke zato. Yana maƙale ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, da cikin tsagogin da ke ƙasa da shi, kuma ma'ajiyar ba ta da girma. Ya bambanta da na yankin Sakkwato ko na Borno, inda akwai shimfiɗun yashi masu kauri da ke riƙe ruwa mai yawa. Ƙaramar ma'ajiya irin taku dole a cika ta kowace damina. Kuma a ƙasa mai zafi irin tamu, yayyafi ba ya kaiwa can. Rana ke shanye shi. Abin da ke ciyar da rijiya shi ne ruwan da ya sami wurin kwanciya ya yi kwanaki yana tsatsafowa ƙasa: kududdufi, tafki, fadama, yashin gulbi. Ruwa mai ƙarfi yana iya zama alheri ga rijiya in ya tarar da irin waɗannan wurare.

Ka duba unguwarku da idon wannan bayani. Kududdufan da aka haƙa aka gina gidajen ƙasa da su, waɗanda muka yi wanka a cikinsu muna yara, nawa suka rage? A yawancin garuruwanmu an cike su da shara an yanka filaye. Tsakar gida an shafe da siminti, titi an zuba kwalta, gonakin bayan gari da aka sare itatuwansu sun zama fako, ruwa na sauka a kansu ya zame kamar a kan faranti. Duk abin da ya sauka sai ya bi lambatu da gudu, ya rushe katangar mutanen gangare, ya wuce gulbi cikin awa biyu. A ɗaya gefen kuma masu ɗiba sun ninka. Najeriya tana da mutum kusan miliyan 45 a 1960, yau ta haura miliyan 220. Kowane mai hali ya haƙa burtsatse ya sa injin da ke ja dare da rana, ga masu ruwan leda, ga masu wankin mota. Burtsatse mai zurfin mita 60 a maƙwabta yana iya janye matakin ruwa ƙasa da gindin rijiyar da aka haƙa da hannu mai gaba goma. Na sha zuwa unguwa a ce min fari ya ƙafar da rijiya, in tambayi shekarar da ta fara ƙafewa, sai ta zo daidai da shekarar da aka kafa manyan tankuna a bayan layi. Ɗumamar yanayi tana nan a cikin lissafin, tana tsawaita zafin bazara, tana ƙara yawan abin da mutum da dabba da shuka ke sha. Amma a rijiyar gari irin taku, ni na fi zargin toshe mashigar ruwa da yawan ɗiba.

Game da gaba, masu hasashe sun yi ittifaƙi a kan cewa zafi zai ci gaba da ƙaruwa, kuma ruwa mai ƙarfi zai ƙara ƙarfi. Yawancin lissafinsu yana nuna tsakiyar Sahel, inda muke, zai iya samun ƙarin ruwa a jimilla, yammacinsa wajen Senegal kuma ya ragu. Ƙasashen da ke kewaye da tekun Bahar Rum, da kudancin Afirka, da kudu maso yammacin Amurka, su ne aka fi tabbatar da cewa za su ƙara bushewa. Nahiyarmu ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke jawo wannan ba, shi ya sa asusun biyan asara da aka amince da shi a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Sharm el-Sheikh ta Masar a 2022 haƙƙi ne, kuma ya kamata gwamnatocinmu su bi shi da gaske. Sai dai ba na so mai rijiya ya zauna jiran wannan kuɗi.

Dalilina shi ne na ga abin da 'yan'uwanmu na Nijar suka yi da hannunsu bayan farin 1984. A jihar Tawa, manoma sun farfaɗo da fako ta hanyar tassa, wato ƙananan ramuka da ake haƙawa da rani a zuba taki a ciki, da kuma rabin wata, kunya mai lanƙwasa da ke fuskantar gangare ta tare ruwa. Ruwan da da zai gudu sai ya tsaya ya nutse a gindin shuka, gara kuma ta bi takin ta huda ƙasa ta buɗe masa hanya. A Maraɗi da Damagaram, sassaben zamani ya yaɗu: maimakon a tumɓuke kututturen da ke tohowa a gona, sai a zaɓi reshe biyu ko uku a bar su su girma. Ta haka aka dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta kusan miliyan 5, galibi ba tare da an dasa ko ɗaya ba. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya koma gonaki. Wannan aikin fartanya ne da gatari da haƙuri, kuma ƙasarsu ta fi taku ƙarancin ruwa.

A cikin gari lissafin ma a fili yake. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai faɗin mita 10 da tsawon mita 10, a shekarar da aka sami milimita 600, ya karɓi lita 60,000, wato jarka 2,400. Rufin makarantarku ya ninka haka sau da yawa. Indararo da tanki za su kama wani kaso. Ragowar a bi da shi cikin rami mai tsakuwa da yashi a tsakar gida, nesa da masai, ya nutse maimakon ya fita titi. Kududdufin da ya rage a unguwa a hana zuba masa shara, a hana sayar da shi, a yashe shi da rani. Masu unguwanni da limamai suna da bakin magana a nan fiye da kowane injiniya. Muna fita roƙon ruwa idan ya ɗauke, kuma sunna ce mai kyau. Annabi Yusuf, alaihis salam, da ya fassara mafarkin sarki cewa shekaru bakwai na fari na tafe, tanadi ya umarta tun ana cikin shekarun yalwa. Manoma kuma su riƙa sauraron hasashen damina da hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a farkon shekara, da na cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, su nemi irin gero da wake masu saurin nuna, kada su zuba duk irinsu a ruwan farko.

Akwai abu ɗaya da zan roƙe ka, tunda kai malami ne kuma kana da ɗalibai. Ka sami igiya ka ƙulla mata alama a kowace rabin mita, ka ɗaura ɗan dutse a bakinta. Ranar farko ta kowane wata, da asuba kafin a fara ɗiba, ku auna daga bakin rijiya zuwa fuskar ruwa, ku rubuta a littafi. Ku kafa gwangwani mai miƙaƙƙen baki a fili, nesa da bango da itace, ku riƙa auna zurfin abin da ya tara da rula bayan kowane ruwa. Ku rubuta kuma watan da aka haƙa kowace sabuwar burtsatse a kewayenku. Idan ruwan sama bai ragu ba amma rijiya na ƙara nisa shekara bayan shekara, matsalar tana unguwa, kuma kuna da takardar da za ku kai wa mai unguwa da hukumar ruwa. Idan rijiyar na bin damina sau da ƙafa, tana cikowa a shekarar ruwa tana faɗuwa a shekarar ƙaranci, to ma'ajiyar ce ƙarama, sai a dage wajen shigar mata da ruwa. Bayan damina biyu ka aiko min da abin da kuka rubuta, mu duba tare.